Shekara Huɗu Ina Cika Ƙoƙo Ban Sha Ba

Shekara huɗu na yi ina shirya teburin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke ci muna sha don tunawa da jiki da jinin Almasihu, a majami'armu ta Birnin Kebbi, kuma cikin shekarun nan ko ɗigo bai shiga bakina ba. Ba a sa ni a horo ba, dattawan ikkilisiya ba su taɓa zama a kaina ba. Ni na yi wa kaina shari'a, na kuma yi ta a ɓoye, yadda ko maigidana bai sani ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, komai na ma'aikaci daga can yake fitowa, har takardar canjin wurin aiki. Maigidana malamin gona ne, an ɗauko shi daga ƙasarmu ta Zuru ya zo ya yi aiki da manoman shinkafa na fadama. Muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Badariya. Majami'ar ƙarama ce, rufin kwano, benci bai fi ashirin ba, kuma kusan dukkanmu baƙi ne: mutanen Zuru da na Yawuri, 'yan sanda da iyalansu, da 'yan kudu masu shaguna waɗanda Hausa ta riga ta zauna a bakinsu. Kowa ya san kowa, har tarin mutum ana ganewa.

A gidan hayar nan na tarar da matar wani malamin firamare, dattijo ne a ikkilisiyarmu. Ta girme ni da kamar shekara shida, don haka Yaya nake ce mata. Shekararta goma sha uku da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuwa na zo da biyu, na ƙara na uku a hannunta. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego, ita ta dama mini kunun kanwa, 'yata ta biyu kuma a bayanta ta yi wayo. In na ce ta raini yaran nan rabi da rabi na rage mata, domin ni mace ce mai saurin hasala, ita kuwa tana da haƙurin da ni har yau ban samu ba.

Ran wata Alhamis mun gama koyon waƙa na zumuntar mata, muna tsaitsaye a harabar majami'a. Yaya ce mai kaɗa mana tulu, yana hannunta ma a lokacin. Sai ga 'yar tawa, tana da shekara shida, ta sheƙo da kuka tana riƙe da ɗuwawu, wai Inna ta buge ta, haka yarana suke kiran Yaya. Ban tambayi dalili ba. Dama raina a ɓace yake tun safe kan wani abin da na manta yanzu. Na juya gaban mata kusan ashirin na ce, "Yaya, in hannunki na ƙaiƙayin bugu, ki haihi naki ki buga. Wadda ba ta san zahin naƙuda ba ina za ta san zahin ɗa?"

Wurin ya yi tsit. Yaya ta sunkuya ta ajiye tulun a hankali don kada ya fashe, ta gyara ɗankwalinta, ta kama hanya. A nan wata ta gaya mini cewa yarinyar ta hau bakin rijiya ne tana leƙawa, rabin jikinta a ciki, Yaya ta fizgo ta ta ɗaɗa mata biyu.

Kafin in isa gida na san abin da na aikata. Magana zarar bunu ce, kowa ya sani, amma ko bunun da aka zare ana iya zuwa a ce wa mai ɗaki a yi haƙuri. Taku goma ne tsakanin ƙofata da tata. Na kasa. Kullum sai in ce gobe, in ta ɗan huce. Muna haɗuwa a madafa, in ce ina kwana, ta ce lafiya lau, kowa ya dubi tukunyarsa. Ba ta daina zuba wa yarana abinci ba, wannan kuma ya fi ci mini rai fiye da a ce ta zage ni. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi wata biyu, har takarda ta zo daga Sakkwato aka mayar da mijinta Argungu.

Ranar da suka tashi na taya ta ɗaure tukwane. Da aka gama lodi ta tsaya kusa da motar tana dubana, na kuma san me take jira. Na ce, "Allah shi kiyaye hanya, Yaya." Ta ce amin. Iyakarta ke nan.

Na je Argungu sau ɗaya da niyyar roƙonta, wannan kam Allah shaida ne. Tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba. Na sauka, na ce ba a zuwa hannu rabbana, na shiga kasuwa na sayi busasshen kifi da albasar Augie. Na tambayi gidajen malamai aka nuna mini. Na hango zaninta a kan igiya, wani mai ruwan ganye da na sani sarai. Na tsaya a bakin hanya ina shirya abin da zan faɗa, duk wanda na shirya sai in ji ya yi mini nauyi. Daga nan na gaya wa kaina rana ta yi, kada in rasa mota, zan dawo wani satin da sassafe. Kifin nan mu muka cinye shi a gida.

Sati biyar bayan haka, tsakiyar damina, aka aiko cewa Yaya ta rasu. Zazzaɓi da shawara, kwana huɗu. Mun je jana'iza mota guda. Na yi kukan da ya fi na 'yan'uwanta, mata suna riƙe ni suna cewa a duba irin ƙaunar da ke tsakaninmu.

A majami'armu ana cin Jibi ran Lahadin farko na kowane wata. Kafin a buɗe farin ƙyallen da ke rufe da tebur, fasto yakan tsaya ya ja kunne: duk wanda ya san ya ɓata wa ɗan'uwansa rai, kada ya miƙa hannu sai ya je sun shirya. Al'ada ce mai kyau, na ga ta sasanta mutanen da suka shekara ba sa gaisawa. Na taɓa ganin wasu maza biyu sun fita bayan majami'a sun dawo suna share ido, sannan aka ci gaba. Amma ranar Jibin farko bayan rasuwar, da fasto ya faɗi haka, sai na ji kamar da ni kaɗai yake. Wadda zan je wurinta tana ƙarƙashin ƙasa a Argungu. Na ce ashe ƙofa ta rufe ke nan, kuma ni na rufe ta.

Sai dai a ƙaramar ikkilisiya ba a barin faranti ya wuce a kwana lafiya. Kafin la'asar magana ta zaga, a fara tambaya ko me matar malamin gona ta yi. Na rasa yadda zan yi, sai dabara ta zo mini. Tsohuwar da ke shirya teburin, matar wani mai bishara da ya daɗe da rasuwa, idonta ya fara mutuwa. Mama muke ce mata duka. Na je na ce ta bar mini aikin ta huta. Mai shirya tebur ba ta zama cikin jama'a. Tana tsayawa a ɗan ɗakin ajiya da ke gefen mumbari tana miƙa wa dattawa farantai, kowa kuma ya ɗauka a can take cin nata.

Na riƙe aikin nan da hannu biyu. Ran Asabar in sayo zoɓo mai kyau, in dafa, in tace sau uku da farin ƙyalle har ya fito garau, in sa sukari kaɗan. In karɓo burodi wurin wani ɗan kudu mai gidan gashi, in yanke ɓawon, in yayyanka cikin daidai wa daida. Ƙananan ƙoƙunan roba kuwa sai na wanke su da ruwan zafi ɗaya bayan ɗaya, in cika su da bakin buta ba tare da ɗigo ya zuba a faranti ba. Har daga kan mumbari an yaba mini. Na ƙara da sharar majami'a, na ƙara da ɗebo ruwa, na karɓi ajin yara na Lahadi. A can ƙasan raina ina cewa wataƙila in aikin ya taru zai kai wani wuri.

Abin da ya fi wahalar faɗa shi ne abin da ke gudana a cikin kaina. Da rana tsaka yake zuwa, ina daka ko ina tsinke shinkafa, sai in ji muryata tana maimaita maganar nan, kalma bayan kalma, in ga hannun Yaya yana ajiye tulu. In na durƙusa addu'a sai tunanin ya ce, da wannan bakin? In na buɗe baki zan yi waƙa ya ce, wadda ke kaɗa muku tulu fa? Ban taɓa musa masa ba, domin gaskiya yake faɗa. Ina koya wa yara cewa Almasihu ya mutu domin ɓarayi da masu kisankai, kuma na gaskata haka da zuciya ɗaya. Nawa ne kawai nake gani daban, don nawa yana bukatar amsar mutum, mutumin kuma ba ya nan.

Sannu a hankali na fara ɗaukar azabar a matsayin hakki. Ranar da na yi dariya har haƙora, sai in ji kamar na yi sata. Na zama mai faɗa a gida fiye da da, musamman ga yarinyar nan da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Maigidana ya tambaye ni ya gaji, kullum in ce ciwon kai ne. A shekara ta uku na yi ɓarin ciki wata huɗu. Ina kwance a asibiti mata suna yi mini sannu, ni kuwa wani sashe na zuciyata yana cewa madalla, an fara karɓa. Na ji kunyar rubuta wannan, amma haka ya faru. Na mai da Ubangiji mai ramuwa irina.

Mama ce ta kama ni. Wata Lahadin Jibi ƙafafunta suka kumbura, ta ce ba za ta iya zaman benci ba, aka sa mata kujera a ɗakin ajiya kusa da ni. Na ba ta nata ta ci ta sha. Ban damu ba, tunda ko hannunta ba ta gani sosai. Da aka tashi ina tattara ƙoƙuna sai ta ce, "Ke ɗiyag ga, zo nan. Ni ban ji kin tamna komi ba, ban ji kin haɗe komi ba."

Na ce na sha tun ɗazu.

"Cikin ɗakin Ubangiji kika yi min ƙarya? Ido na ab babu, kunnena lahiya lau. Tun yaushe?"

Na zauna a ƙasa gabanta, na faɗa mata komai, tun daga rijiya har kifin Argungu. Na sa rai za ta ce ba komai, kowa yana kuskure. Ba ta ce ba.

"Abin da kinka yi mugun abu na," in ji ta. "Ba ni rage maki shi. Ina nan ranar, da kunnena na ji. To amma in tambaye ki. Wa anka gicciye domin ki, ita ko Shi?"

Na ce Shi.

"To mi ya sa kinka ɗauki mabuɗin gahwara kinka turbuɗe cikin kabarinta? Hwaɗin fasto don masu rai na, su tashi su shirya tun ana ganin juna. Ba a ce wanda yam makara shi mutu da ƙishirwa ba."

Na ce, "Mama, ai tuba nake yi."

Ta yi tsaki. "Tuba takan kai mutum gun Ubangiji. Wagga taki shekara huɗu tana jan ki nesa da tebur nai, ki ce min tuba ta? Kina son ki biya da shara da wankin ƙoƙo abin da anka biya da jini. Girman kan da ya hana ki taka ƙohwarta, shi na dai har yau, riga yas sake."

Wannan ta shige ni fiye da zagi. Ni da nake ganin na ƙasƙantar da kaina iyakar ƙasƙanci, ashe ƙin karɓar kyauta nake yi. Na ce mata tunanin ba ya barina, ba ni nake kiransa ba. Ta ce baƙo in ya yi sallama ba laifin mai gida ba ne, amma ni na shimfiɗa masa tabarma, na dafa masa tuwo, na ba shi ɗaki shekara huɗu, kuma ban taɓa gaya masa wanda ya mallaki gidan ba. Sannan ta ce akwai mai rai da na ɓata wa, mijin marigayiyar. In tafi Argungu ran Asabar ta ƙarshen wata, ita za ta nemi mai shirya tebur.

A daren da zan tafi ban iya gaya wa maigidana ba, sai da safe yana ɗaure takalmi na faɗa masa a tsaye. Ya daɗe yana dubana, ya ce, "Shekara huɗu, muna ɗaki ɗaya?" Ya raka ni tasha da kansa.

Na sami malamin, mijin Yaya, zaune ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa yana duba littattafan 'yan makaranta. Bai sake aure ba. Ya rame, furfura ta cika kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Na sani. Ta hwaɗa min tun ranar. Kwana ukku ba ta ci abinci ba." Ya rufe littafin da ke hannunsa. "Ran da kinka zo kinka tsaya can bakin hanya da ƙunshi ga hannu, ta gane ki ta taga. Ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwa ga wuta. Har la'asar tana leƙe."

Ban san lokacin da goshina ya taɓa ƙasa ba. Da na iya magana na ce, "Baba, ta yahe mini?"

"Ban sani ba. Ba ta hwaɗi ba, ni kau ba ni sa mata magana ga baki don ki ji sanyi."

"Kai hwa, Baba?"

Ya ce, "Ina roƙon Allah bisa kai. Ban kai ba tukuna."

Na tashi da nauyin da ya fi wanda na zo da shi. Na kwana gidan wata 'yar garinmu, da safe ta ja ni sujada, ba yadda zan ƙi. Lahadin farkon wata ce, su ma Jibi suke ci. Majami'arsu ba ta da ɗakin ajiya, teburin a fili yake. Na zauna ƙarshen bencin baya na mata, na ce baƙuwa ce ni, in faranti ya wuce ni babu mai tambaya. Faston ya yi irin jan kunnen da namu yake yi, aka buɗe ƙyalle, dattawa biyu suka taso. Wanda ya ɗauki gefen mata shi ne malamin.

Ina jin takunsa benci bayan benci. Da ya iso kaina na sunkuyar da kai, na cusa hannuwana cikin mayafi. Na ga takalminsa a gabana, na jira su matsa. Ba su matsa ba. Ɗayan dattijon ya gama nasa gefen ya koma gaban tebur, mata suka fara waiwayowa, wani jariri ya yi kuka aka rarrashe shi, takalman nan suna nan. Sai ya sunkuyo, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗauki. Ba don na huce ba. Teburin ba nawa na ba, balle in hana ki."

Nan take tunanin ya taso da ƙarfinsa duka, ya ce da wannan bakin za ki ci? Karo na farko na ba shi amsa. Na ce i, da shi. Na faɗi maganar, na ƙi roƙo har ta mutu, duk gaskiya ne, kuma saboda irin wannan bakin aka ba da jikin nan na Almasihu. Har yau tunanin yakan zo, tsufa bai kore shi ba, amsar nan dai nake ba shi, ba na ƙara masa komai. Na fito da hannu na ɗauki gurasar.

Da ya dawo da farantin ƙoƙuna bai dube ni ba. Na ɗauki ɗaya na sha. Ya yi tsami, ba a tace shi da kyau ba, akwai ɗan tsaki-tsaki a ƙasa. Na shanye har da shi, hawaye yana bin wuyana.

Bayan an tashi na same shi a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, idonsa jawur, ya wuce bai amsa ba. Na taka zuwa tasha ni kaɗai, na shiga motar Birnin Kebbi na zauna jikin taga. Ban san ko Yaya ta yafe mini ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da na gan ta. Mijinta kuwa da bakinsa ya ce bai kai ba. Motar ta cika, muka kama hanya ta gefen fadama, ni kuma na tafi gida a gafarce.